Komai Faɗin Titi, Sai An Bi Ta Get: Abin Da Ke Faruwa A Fuskar Zirkoniya

Duk wanda ya yi SIWES a gareji, ko ya taɓa zagaya Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano neman kayan mota, ya san wani ɗan ƙarfe mai kama da fulogi da ake ɗaurawa a jikin salansa, da wayoyi a gindinsa. Makanikai na ce masa oksijin sensa. Ranar da ya mutu, mota za ta fara shan mai kamar ana zubarwa, hayaƙi ya yi baƙi, fitilar gargaɗi ta kama a dashbod. Da yadda fetur ya yi tsada a yau, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Wani lokaci hitar da ke ciki ce ta ƙone, wannan kowa ya gane shi. Amma sau da yawa za a ciro sensa a duba, ba abin da ya karye, ba wayar da ta tsinke, kuma ta daina aiki ko ta koma nawa. To me ya lalace? Amsar tana kan fuskar wani farin tangaran da ke cikinta, a shimfiɗar ƙarshe ta ƙwayoyin zarra, wato atam, inda tangaran ya ƙare iska ta fara. Kaurin wannan shimfiɗa kusan nanomita 0.3 ne. Sai an jera irinta sama da 200,000 kafin a kai kaurin silin gashi guda. Duk da haka ita ke yanke hukuncin ko na'urar za ta yi aiki. 'Yan kanikanci, 'yan lantarki, 'yan SLT, ku matso, zancen na kowa ne.

Tangaran da oksijin ke ratsawa

A aji an koya mana cewa tangaran ba ya wuce da lantarki, shi ya sa ake sa shi a jikin fulogi da kan turakun wuta. Gaskiya ne ga mafi yawansu. Amma akwai wani dangi da idan ya yi zafi yake wuce da caji ta wata hanya dabam. A wayar jan ƙarfe ilektiron ne ke gudu. A nan kuwa ayon ne ke tafiya, wato zarra sukutum mai ɗauke da caji. Sarkin wannan dangi shi ne zirkoniya, haɗin ƙarfen zirkoniyam da oksijin.

Zirkoniya zalla tana da wani hali mara kyau. Tsarin zarrarta yana sauyawa a wajen digiri 1170 na ma'aunin salshiyas, ya sake sauyawa a wajen 2370. Idan aka gasa ta tana hucewa, sauyin nan yana sa ta kumbura da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, sai ta tsattsage. Maganin da aka samo shi ne a zuba mata itiriya, wato haɗin itiriyam da oksijin, kimanin kashi 8 cikin ɗari. Wannan yana riƙe tsarin nan mai siffar kubu har ta huce. Haɗin nan ne za ku ga ana rubutawa YSZ a littattafai.

Ribar ta wuce hana tsagewa. Zirkoniyam cajinsa +4 ne, itiriyam +3. Idan itiriyam biyu suka zauna a wurin zirkoniyam biyu, an rasa caji +2, don haka dole oksijin ɗaya mai caji -2 ya bar wurinsa kafin lissafi ya daidaita. Wurin da ya bari shi ne gurbi.

Ku ɗauki ɗakin lakca da ya cika maƙil. Ba mai iya motsi. Amma idan kujera ɗaya ta zama ba kowa, na kusa zai koma kanta, na bayansa ya maye tasa, a haka har mutum ya tashi daga bango ya kai ƙofa. Haka oksijin ke tsalle daga gurbi zuwa gurbi a cikin YSZ. Tsallen yana son zafi: a sanyi ba abin da ke motsi, sensar mota sai ta kai wajen digiri 300 take farkawa, shi ya sa ake sa mata hita.

Abin ba sabo ba ne. Walther Nernst, Bajamushen nan da lissafinsa ke wahalar da mu a kemistiri, ya yi rajistar wata fitila a 1897 wadda zaren cikinta irin wannan tangaran ne. Sai an ɗumama ta tukuna take kamawa. A 1937 Emil Baur da Hans Preis suka gwada irin wannan tangaran wajen samar da lantarki daga gas, a 1943 kuma Carl Wagner ya bayyana cewa gurabe ne sirrin. Kamfanin Bosch ya fito da sensar mota a 1976, motocin Volvo ne suka fara ɗaukarta.

Titi daban, get daban

Ga yadda sensar take. Wani ɗan ƙoƙon YSZ ne mai kama da yatsa, an shafe shi ciki da waje da filatinam mai ƙofofi ƙanana. Cikinsa iskar waje ce, bayansa hayaƙin inji. Da yake oksijin ya fi yawa a ciki, yana son ya ratsa ya fita, wannan turawa ce ke haifar da bolt. Idan iska ta yi yawa a konewa, sensa na ba da wajen bolt 0.1. Idan mai ya yi yawa, ta ba da wajen 0.9. Kwamfutar mota na karanta wannan, tana ƙara mai tana ragewa don ta tsaya kusa da awon iska 14.7 ga mai 1.

To amma oksijin da ke cikin iska ba ayon ba ne. Tagwaye ne, zarra biyu a manne, ba caji. Kafin ya shiga tangaran sai ya sauka a kan fuska ya maƙale, tagwayen su rabu, kowanne ya karɓi ilektiron biyu, sannan ya sami gurbi a shimfiɗar farko ya faɗa. Iska ce ke kawo oksijin, filatinam ke kawo ilektiron, zirkoniya ke da gurbi. Ke nan aikin yana yiwuwa ne a siririn layin da ukun nan suka haɗu.

Kun san yadda get ɗin makaranta yake da safen jarrabawa. Titin cikin makaranta fetal, amma ga cincirindo a bakin ƙofa saboda mai gadi ɗaya ke duba katin shaida. Ko an mayar da titin ciki layi shida, ba wanda zai riga isa ɗakin jarrabawa. Cikin tangaran shi ne titi, fuskarsa ita ce get.

Masana sun sami hanyar auna biyun daban daban. Tun shekarun 1980, John Kilner da Brian Steele na kwalejin Imperial a Landan suka riƙa sa tangaran mai zafi cikin oksijin-18, wani nau'in oksijin mai ɗan nauyi wanda a iskar da muke shaƙa kashi 0.2 cikin ɗari ne kawai. Daga baya su riƙa kankare tangaran kaɗan kaɗan suna auna iya zurfin da mai nauyin ya kai. Daga nan ake fitar da lamba biyu, ɗaya ta saurin tafiya a ciki, ɗaya ta saurin shiga ta fuska. Yanzu da ake iya yin tangaran mai kaurin 'yan maikiromita, titin ya gajarce sosai, sai jinkirin ya koma bakin get.

Fuskar ba irin cikin ba ce

A tsakiyar kiristal, kowane zirkoniyam yana kewaye da wuraren oksijin 8. Na kan fuska kuwa an yanke masa wasu maƙwabta, hannunsa na lilo a iska. Zarra ba ta son haka, don haka sai shimfiɗun sama su ɗan gyara zama, wasu su nutsa ciki, wasu su ɗago.

Kuma ta inda aka yanka yana da muhimmanci. A 1979 wani masani a Ingila, P. W. Tasker, ya kasa fuskokin irin waɗannan kiristal gida uku bisa yadda caji ya jeru. Fuskar da ake wa laƙabi da (111) ita ta fi kwanciyar hankali a zirkoniya. An gina ta da shimfiɗa uku uku: oksijin, ƙarfe, oksijin, kamar biredi biyu da ƙwai a tsakiya. Cajin kowane rukuni ya daidaita, kuma idan aka duba fuskar za a ga filaye shafaffu da matakala, tsayin kowace kusan nanomita 0.3. Fuskar (100) kuwa shimfiɗar oksijin zalla ce ke bin ta ƙarfe zalla, caji na taruwa gefe guda. Ba za ta iya zama haka ba, dole ta sake tsari, misali ta zubar da rabin oksijin da ke samanta, ko ta jawo wani baƙon sinadari ya toshe giɓin.

Wannan jawo baƙi shi ne babbar matsala. Idan aka ajiye kunu ya ɗan huce, yana takan taru a samansa. Tangaran ma haka yake, sai dai shi zafi ne ke sa yanarsa ta taso. Dalili biyu ne. Na farko girma: ayon ɗin itiriyam ya kai nanomita 0.102 daga tsakiya zuwa baki, na zirkoniyam 0.084. Babba a kujerar ƙarami yana takura, idan zafi ya ba shi damar motsi sai ya nufi fuska inda ya fi samun sarari. Na biyu caji: fuskar kan tara nata cajin, ta riƙa jawo masu kishiyarsa. Shi ya sa shimfiɗun da ke dab da fuskar YSZ sun fi cikinta yawan itiriyam nesa ba kusa ba.

Itiriyam ɗan gida ne, da sauƙi. Masu ɓarnar gaske su ne silikon, sodiyam da kalsiyam, dattin da ke saura a hodar ko da an tace ta. Mu yi lissafi tare. Ɗauki falle mai kaurin milimita 0.1, wato nanomita 100,000. Shimfiɗa ɗaya 0.3 ce. Raba 0.3 da 100,000, ka sami kashi 3 cikin miliyan. Ma'ana, dattin da bai wuce 'yan kashi kaɗan cikin miliyan ba, idan ya taso gaba ɗaya, ya isa ya lulluɓe fuskar kaf. Hodar da aka rubuta wa tsabta kashi 99.99 cikin ɗari tana da datti kashi 100 cikin miliyan. Kun ga ashe tana da na rufe get har da canji.

Wannan ba lissafin takarda ba ne kawai. A farkon shekarun 2000, ƙungiyar Hidde Brongersma a jami'ar fasaha ta Eindhoven da ke Holan ta nuna cewa YSZ da aka gasa a zafi mai tsanani, shimfiɗarta ta ƙarshe dattin nan ne ke mamaye ta, kuma yawan mamayar na tafiya tare da raguwar shigar oksijin. Mai binciken da ya zaci yana nazarin fuskar zirkoniya, ashe fuskar dattinta yake aunawa.

Irin wannan na faruwa har a cikin tangaran, a iyakokin da ƙananan tsabar kiristal suka haɗu da juna. Silika na taruwa a wurin kamar gilas, kuma ko ba ita, cajin da ke iyakar yana korar gurabe. Kowace iyaka ta zama ɗan shingen bincike a kan titi.

Ta yaya aka gani?

Madubin ɗakin gwajinmu ba zai ga zarra ba, domin zangon hasken da ido ke gani ya fi ta girma sau dubbai. A 1981 Gerd Binnig da Heinrich Rohrer na ɗakin binciken IBM a Zurich suka ƙera wata na'ura, STM, mai allura da tsininta ya ƙare da zarra guda. Ana kusantar da allurar dab da fuska ba tare da ta taɓa ba, ana auna 'yar wutar da ke tsallakawa, ana zana tudu da kwari. Sun sami kyautar Nobel a 1986. Matsalar ita ce na'urar na buƙatar abin da ke wuce da ilektiron, YSZ kuma a sanyi ba ta yi. Sai dai a ɗumama ta, ko a yi amfani da ƙanwar na'urar, AFM, wadda ta fito a 1986, mai jin ƙarfin ja da turi tsakanin allura da fuska kamar makaho mai lalube da sanda.

Ganin tudu ba ya gaya maka ko wace zarra ce. Wannan aikin wata dabara ce, LEIS, wadda 'yan Eindhoven suka ƙware a kai. 'Yan sinuka za su gane ta da wuri. Ana harba ayon ɗin hiliyam ko niyon a kan fuska. Idan ya daki zarra mai nauyi, ya dawo da kusan duk ƙarfinsa. Idan mara nauyi ya daka, ya dawo a gajiye. Daga ƙarfin da ya rage ake sanin nauyin wadda aka daka. Daɗin abin, duk ayon da ya kutsa ƙasa da shimfiɗar farko yakan rasa cajinsa, na'urar ba ta ƙirga shi. Saboda haka saman kawai take gani.

Ko da waɗannan na'urori, ana iya ruɗewa. Akwai seriya, 'yar uwar zirkoniya mai tsari iri ɗaya, wadda ke cikin abin tace hayaƙin nan da makanikanmu ke kira Indomie, tana ajiye oksijin tana sakewa. A 2005 Friedrich Esch da abokan aikinsa a Italiya suka buga hotunan fuskar seriya a mujallar Science, da wasu baƙaƙen ɗigo da suka jeru layi layi, suka ce gurabun oksijin ne. Aka yi ta kafa hujja da hotunan. A 2014 wasu masana, akasarinsu daga jami'ar Uppsala a Suwidin, suka fito da lissafin kwamfuta da ke nuna cewa ɗigon sun fi kama da fulorin, dattin da ya zauna a kujerar oksijin. Hoton bai sauya ba, fassararsa ce aka ja da ita. Wannan darasi ne ga duk mai rubuta babi na huɗu a furojet.

Inda abin ke cin kuɗi

Idan aka juya aikin sensa aka faɗaɗa shi, ana samun injin wuta mara fistin. A sa iska gefe guda, gas ko haidirojin a ɗaya gefen, tangaran a tsakiya, zafi tsakanin digiri 600 zuwa 1000. Oksijin ya ratsa ya haɗu da gas, ilektiron su zagaya ta waya. Ba ƙara, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin gas na iya zama lantarki, abin da janaretan gida bai kai ko rabinsa ba. Kamfanin Bloom Energy a Amurka na sayar da irinsu ga manyan ma'aikatu, a Japan kuma akwai ƙananansu a gidaje. Idan aka ba na'urar wuta maimakon a karɓa, sai ta raba gas ta fitar da oksijin. Haka wata na'ura, MOXIE, ta yi a duniyar Mars cikin motar Perseverance: daga Afrilun 2021 zuwa 2023 ta samar da giram 122 na oksijin daga iskar kabon da ke can, a zafin digiri 800.

Abin da ke hana waɗannan injina arha shi ne tsufa, tsufan kuma daga fuska yake farawa. A gefen iska ana sa wani tangaran mai lantanam, sitirontiyam, kobalt da baƙin ƙarfe. Sitirontiyam ya fi lantanam girma, don haka bayan dubban awoyi cikin zafi sai ya taso ya yi ɓawon da ba ya wuce da komai. Ƙarfen da ke haɗa sassan injin kuma yana fitar da tururin kuromiyam, ya zo ya haɗu da sitirontiyam ɗin su ƙara toshe get. A gefen gas, salfa, wato farar wuta, ko 'yan kashi kaɗan cikin miliyan ce, ta isa ta maƙale a kan nikel ta rage aiki.

Sanin fuska ne kuma ke kawo magani. A 2016 ƙungiyar Bilge Yildiz a MIT ta nuna cewa idan aka yayyafa ɗan hafniyam, wanda bai kai shimfiɗa guda ba, a kan irin wannan tangaran mai kobalt, tasowar sitirontiyam na raguwa, oksijin ya ci gaba da shiga da sauri. Ba a taɓa cikin tangaran ba, get kawai aka gyara.

Mu kuma fa?

Zirkoniya daga zirkon ake samunta, wani yashi mai nauyi. Ostireliya da Afirka ta Kudu ne manyan masu haƙo shi, amma akwai shi a Filato, cikin tarin ƙasar da haƙar kuza ta bari a kewayen Jos tun zamanin Turawa, tare da monazait wanda ake samun seriyam a cikinsa. Hafniyam ma a cikin zirkon yake zuwa. Ga wani abin lura: zirkon haɗin zirkoniyam ne da silikon da oksijin. Wato abokin gaban fuska tare suka fito daga rami. Tazarar da ke tsakanin kuɗin buhun yashi da kuɗin hodar da za ta shiga sensa, kuɗin raba su ne har silikon ya koma 'yan kashi cikin miliyan. Aikin 'yan kemikal da 'yan ma'adinai ne wannan. Sai dai duk mai son taɓa yashin nan ya sani cewa monazait da zirkon na ɗauke da toriyam da yuraniyam masu tururin nukiliya, ba abin ajiyewa a ƙarƙashin gado a hostal ba ne.

A gareji ma ilimin na da amfani yau ɗin nan. Gam ɗin silikon da ake shafa wa gaskit, idan ba wanda aka rubuta cewa ba ya cutar da sensa ba ne, tururinsa na bi ta inji ya ƙone ya zama silika, ya kwanta a kan filatinam. Farar hodar da ake gani a bakin sensa ke nan, kuma kafin ido ya gan ta ɓarnar ta daɗe da farawa. Ruwan lagireto da ke yoyo cikin silinda da baƙin mai da inji ke ƙonawa su ma suna barin nasu. Dalma ta fi su duka, amma ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina fetur mai dalma daga farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya a 2021. Wanda ya canza sensa bai toshe yoyon ba, zai dawo ya sake saye.

Ga masu neman maudu'in furojet, ba sai da STM ba. Ku samo tsofaffin sensa irin ta zirkoniya, wasu masu kyau wasu matattu, da mita mai auna bolt, da wutar gas irin ta masu walda, a wokshop ƙarƙashin kulawar malami. A ɗaure sensa a bais, a gasa bakinta. Cikin harshen wuta oksijin ya yi ƙaranci, mai kyau za ta hau wajen 0.9, da an janye wutar ta faɗo ƙasa nan take. Wadda fuskarta ta toshe za ta yi ta jan ƙafa. Ku auna daƙiƙun, ku duba launin bakin kowace, ku tambayi makanikin tarihin motar da aka ciro ta. Jadawalin da zai fito daga nan, na fuskar da ba za ku taɓa gani da ido ba, ya isa a tsaya a kare shi gaban kowane kwamiti.